Bitar manhajar Scala: ma'aunin tazarar da ke tsakanin sauti da sauti

Abin da ya kai ni ga manhajar Scala wani aiki ne da muka yi a ɗakin ɗaukar sauti, ranar da aka gayyato wani dattijo mai goge domin ya sa hannu a wata waƙar biki wadda muka riga muka shimfiɗa mata kiɗa da fiyano. Dattijon ya ɗaure tsirkiyarsa, ya shafa wa izga ƙaro, ya kama sautin tushe daidai da na fiyano har kunne ba ya raba su, amma da ya shiga cikin waƙar sai biyu daga cikin sautuka biyar da yake kewayawa a kansu suka riƙa karo da abin da na'ura take bugawa. Mai haɗa sautin ya ba da shawarar a bar shi ya gama, daga baya a ja sautukan nasa da kwamfuta zuwa inda fiyano yake so. Dattijon ya ji maganar, ya ajiye izgar a cinyarsa, ya dube ni ya ce: "Malam, yatsana bai kuskure ba, nan ubangidana ya nuna mini in sa shi. Akwatin naka ne bai san wurin ba." Na ce masa: "Baba, gaskiyarka," amma a zuciyata na san ba ni da hanyar da zan auna girman bambancin, balle in koya wa akwatin wurin da ya rasa.

Na yi shekaru ina koya wa matasa fiyano da karatun do, re, mi, kuma rabe-raben tazarar sauti da nake ba su shi ne wanda ake samu a littattafan koyon kiɗan Turai. Abu biyu ake dubawa. Na farko lamba ce: ana ƙirga sunayen sautuka daga na ƙasa zuwa na sama, har da su biyun, saboda haka do zuwa mi tazara ta uku ce, do zuwa so ta biyar, do zuwa do na sama kuma ta takwas, wadda ake kira oktaf. Na biyu siffa ce: ta huɗu da ta biyar da ta takwas ana ce musu cikakku, ta biyu da ta uku da ta shida da ta bakwai kuwa kowacce tana da babba da ƙarama, sannan wadda aka faɗaɗa da rabin taki ta zama mai ƙari, wadda aka matse ta zama ragaggiya. Do zuwa mi rabin taki huɗu ne, ita ce ta uku babba. Re zuwa fa rabin taki uku ne, ita ce ta uku ƙarama. Fa zuwa ti ta huɗu ce mai ƙari, ti zuwa fa na sama ta biyar ce ragaggiya, ko da yake a kan fiyano girmansu ɗaya, rabin taki shida. Tsari ne mai amfani kuma har gobe ina koyar da shi, sai dai yadda muke koyar da shi, ta hanyar ƙirga maɓallai farare da baƙaƙe, yana sa ɗalibi ya ɗauka cewa kowane suna girma ɗaya tak gare shi, kuma duk sautin da ya faɗa tsakanin maɓalli da maɓalli kuskure ne. Wannan zaton ne dattijon ya rushe mini da jimla biyu.

Scala manhajar kwamfuta ce da wani mutumin ƙasar Holan, Manuel Op de Coul, ya rubuta, ana kuma sauke ta kyauta daga shafin gidauniyar Huygens-Fokker, wadda ke kula da kiɗan da bai tsaya a kan sautuka 12 na fiyano ba. Sunan gidauniyar kansa yana nuna inda abin ya samo asali: Christiaan Huygens ya yi bayanin raba oktaf gida 31 a shekarar 1691, shi kuma Adriaan Fokker, masanin kimiyyar lissafin halitta, ya sa aka ƙera molon coci, wato ogan mai maɓallai da bututun iska, mai sautuka 31 wanda aka girka a birnin Haarlem a 1950. Manhajar tana aiki a Windows da Linux da kwamfutocin Apple. Aikinta ƙirƙirar jerin sautuka ne da auna su da kwatanta su da adana su, sannan a tura su zuwa na'urar da za ta buga su. Ba ta ɗaukar waƙa, ba ta haɗa kiɗa, kuma ba irin ma'aunin nan ba ce da ake kara waya kusa da tsirkiya allura ta nuna ko an kai ko ba a kai ba. Wanda ya sauke ta da wannan tsammanin zai rufe ta cikin minti biyar.

Darasin farko da ta tilasta mini shi ne cewa ana rubuta tazara ta hanya biyu, kuma a allonta kullum suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Hanya ta farko kaso ne tsakanin yawan girgizar sautukan biyu. Idan tsirkiya tana girgiza sau 440 a daƙiƙa, wato sautin la da ƙasashen duniya suka amince da shi a matsayin ma'auni, sautin da ke girgiza sau 880 yana sama da shi da oktaf, kason kuwa 2 bisa 1 ne. Mai girgiza 660 yana tazara ta biyar, 3 bisa 2, ta huɗu kuma 4 bisa 3. Duk mai gurmi ko garaya ya san wannan da yatsa ko bai san shi da lissafi ba, domin idan ya danne tsirkiya a tsakiyarta oktaf yake samu, idan ya bar kashi biyu cikin uku na tsawonta suna girgiza ta biyar yake samu. Hanya ta biyu ita ce senti, ma'aunin da Alexander Ellis ɗan Ingila ya yaɗa a 1885, inda aka raba oktaf gida 1200, ya zama kowane rabin taki na fiyano senti 100 ne cif. Amfanin senti shi ne ana tara shi ana ɗebewa kamar kuɗi, shi kuwa kaso sai an ninka ko an raba. Da na rubuta 3/2 a manhajar sai ta nuna mini senti 701.955, alhali ta biyar ta fiyano 700 ce. Bambancin bai kai senti biyu ba, kuma kunne da ƙyar yake kama shi.

A tazara ta uku ne lamarin ya buɗe sosai, kuma a nan na fi daɗewa. Na jera duk wadda na sani a jeri guda na umarci manhajar ta nuna su, sai ta fito da kowacce da kasonta da sentinta da sunan da masana suka ba ta. Akwai 7 bisa 6 mai senti 267, wadda ta fi ƙaramar fiyano matsewa ƙwarai. Akwai 32 bisa 27 mai 294, ƙaramar da ake samu idan an ɗaure komai da tazara ta biyar kaɗai, bisa tsarin da ake jingina wa Paitagoras, masanin lissafin Girkawan dā. Sai ta fiyano mai 300, sai 6 bisa 5 mai kusan 316. Daga nan aka shiga wani fili da fiyano ba shi da maɓalli a cikinsa ko ɗaya, inda 11 bisa 9 take da senti 347, 27 bisa 22 kuma kusan 355. Bayan su sai manya: 5 bisa 4 mai 386, ta fiyano mai 400, ta Paitagoras 81 bisa 64 mai kusan 408, da 9 bisa 7 mai 435. Tazara goma ke nan a wurin da nake gaya wa ɗalibai cewa biyu ne, kuma daga ta farko zuwa ta ƙarshe akwai senti 168, fiye da maɓalli ɗaya da rabi. Abin da na gane shi ne "ta uku babba" sunan zuriya ne, kamar yadda ake cewa gidan wane, kuma a cikin gidan akwai dogo akwai gajere. Ban san wata hanya da ta fi wannan allon saurin nuna wa ɗalibi haka ba, musamman da yake manhajar tana da hoton maɓallai da ake dannawa a ji kowacce nan take.

Jin ne yake tabbatar da lissafin. Idan aka buga la mai girgiza 440 tare da ta uku babba ta tsantsa, mai girgiza 550, sautukan biyu suna kwanciya a kan juna lumui, domin rassan amonsu, wato siraran sautukan da ke tafe da kowane sauti a ninkin girgizarsa, suna haɗuwa daidai a 2200. A fiyano kuwa sautin na sama yana girgiza 554.37, saboda haka reshensa yana faɗawa a kusan 2217, sai a ji wani ɓari a cikin amon kamar sau 17 a daƙiƙa. Mun saba da ɓarin nan har ba ma lura da shi, amma wanda ya ji tazarar tsantsa sau ɗaya, aka maido masa da ta fiyano, zai ji shi tamkar tsakuwa a cikin shinkafa. A ta biyar kuwa ɓarin bai wuce sau ɗaya da rabi a daƙiƙa ba, shi ya sa sautin tushe da na biyar ba su ba mu wahala da goge ba, sai na tsakiya.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da tazarar tsantsa ta fi daɗi, me ya hana a saita fiyano da ita baki ɗaya? Amsar tana cikin wasu 'yan ƙananan tazarori da ake kira koma, kuma Scala tana nuna su cikin daƙiƙa. Idan aka ɗora ta biyar a kan ta biyar sau 12, ya kamata a dawo sautin da aka fara da shi bayan oktaf bakwai, amma sai a zarce da senti 23.46, wadda ita ce komar Paitagoras. Idan aka ɗora ta biyar sau huɗu domin a samo ta uku babba, sai a zarce 5 bisa 4 da senti 21.51, wato kason 81 bisa 80. Wannan rarar ba ta ɓacewa, sai dai a zaɓi inda za a ɓoye ta. Masu saita molon coci a Turai na ƙarni na 16 da na 17 sun rage wa kowace ta biyar har ta koma senti 696.6 domin ta uku ta fito tsantsa, sai rarar ta taru a tazara guda mai kusan senti 738, wadda suka yi wa laƙabi da kyarkeci saboda kukanta, suka riƙa kauce mata. Andreas Werckmeister ya wallafa nasa tsarin a 1691, inda ya rarraba rarar ta yadda kowane mabuɗin waƙa zai bugu amma kowanne da nasa launin. Saitin daidai-wa-daida da ke cikin fiyanonmu, wanda Zhu Zaiyu na ƙasar Sin ya fitar da lissafinsa a 1584, raba rarar ya yi gida 12 kowa ya ɗauki kaɗan. Dukkan waɗannan suna cikin manhajar, ana ɗora ɗaya bayan ɗaya a buga waƙa guda a ji yadda take sauya fuska. Ban taɓa fahimtar cewa saitin fiyano sulhu ne aka yi ba, sai da na ji sauran hanyoyin sulhun da kunnena.

Akwai kuma wani rabe-raben na daban da manhajar take amfani da shi, wanda ya maye mini gurbin tsohuwar maganar tazarori masu jituwa da masu karo. Ana duba babbar lamba marar rabuwa da ke cikin kason, irin su 3 da 5 da 7 da 11, a ce ita ce iyakar tazarar. Tunanin iyaka ya fito ne daga Harry Partch, mawaƙin Amurka wanda ya ƙera kayan kiɗansa da kansa domin jeri mai sautuka 43. Ta biyar da ta huɗu da cikakken taki 9 bisa 8 duk 'yan iyakar 3 ne; 5 bisa 4 da 6 bisa 5 'yan iyakar 5; 7 bisa 4, mai senti 969, wadda ta gaza ta bakwai ƙarama ta fiyano da senti 31, 'yar iyakar 7 ce. Abin da ya burge ni shi ne wannan rabe-raben yana bayyana tarihi. Malaman kiɗan Turai na tsakiyar zamani, da suke tsaye a iyakar 3, ba su ɗauki ta uku a matsayin cikakkiyar jituwa ba, kuma suna da hujja, domin tasu ta ukun 81 bisa 64 ce mai kaifi. Sai da mawaƙa suka karkata zuwa 5 bisa 4, kuma Gioseffo Zarlino ya kafa mata hujja a rubuce a 1558, sannan ta zama ginshiƙin kiɗansu. Sunan bai sauya ba, girman ne ya sauya, hukuncin kunne ya biyo baya.

Wurin da na ji manhajar ta taɓa abin da na sani tun ƙuruciya shi ne sunan da ta ba 27 bisa 22, wato tsakiyar Zalzal. Mansur Zalzal makaɗin udu ne a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, kuma Alfarabi, wanda ya rasu a wajajen 950, shi ya rubuta wurin da yatsan tsakiya yake sauka a tsirkiya bisa hanyarsa. Tazarar ba babba ba ce ba kuma ƙarama ba, tana tsakani, kuma ita ce ke ba maƙamin Rast, wani jerin sautuka na kiɗan Larabawa, kamanninsa. Duk wanda ya saurari ƙira'ar alarammomin Masar, ko ya halarci musabaƙa ya ji masu karatu suna bin Bayati da Rast da Sika da Saba, ya sha jin irin wannan tazarar ko da bai san tana da lamba ba. A rubuce, Larabawa na baya-bayan nan sun raba oktaf gida 24, kowane rubu'in taki senti 50, abin da ya sa ta ukun Rast ta zama 350 a takarda. Amma a babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932 mahalarta ba su cim ma matsaya ɗaya a kan girman waɗannan sautuka ba, domin makaɗan Sham da na Masar da na sauran wurare ba wuri ɗaya suke ajiye su ba. Turkawa kuma da koma suke ƙirga nasu, tara a kowane cikakken taki, abin da ya yi kusa da raba oktaf gida 53. A Scala mutum yana iya ɗora jerin sautuka 17 na Safiyuddin al-Urmawi, malamin ƙarni na 13, ya ajiye na gida 24 da na gida 53 kusa da shi, ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Taskar jerin sautuka da ake saukewa tare da ita ta haura dubu biyar, kuma ita kaɗai ta isa dalilin neman manhajar. Akwai saitin molon coci na Turai iri-iri, akwai na Girkawan dā, da na Indiya, da silendiro da pelog na gangunan ƙarfen Indonesiya, da wasu da aka auna daga mbira da balafon na Afirka. Akwai umarnin da ke ɗaukar jerin da mutum ya shigar ya bi taskar ya fito da waɗanda suka yi kama da shi. Sai dai taskar ta fi nauyi ta wajen Turai da ƙirƙirar masana lissafi, rabon Afirka a cikinta kaɗan ne idan aka kwatanta, kuma bayanin kowane jeri yawanci layi ɗaya ne, wanda ba ya isa a san yanayin da aka yi awon.

Tsarin fayil ɗinta, mai ƙarewa da .scl, yana da sauƙin da ya sa ya zama abin da sauran manhajoji suke karɓa. Rubutu ne zalla da ake iya buɗewa da kowace manhajar rubutu: layin farko bayani, na biyu yawan sautuka, sannan kowane sauti a layinsa. Lambar da ke da ɗigo senti ce, wadda ba ta da shi kaso ce, layin da ya fara da alamar motsin rai kuwa sharhi ne da na'ura ba ta karantawa. Ba a rubuta sautin tushe, ana dai rufewa da 2/1. Wanda ya manta ɗigo ya rubuta 700 a maimakon 700.0, za a karanta masa shi a matsayin kaso 700 bisa 1, kuma wannan ne kuskuren da na ga ɗalibai sun fi yi.

Da na koma kan gogen, sai na yi aikin a mataki biyu. Na roƙi dattijon ya ja kowane sauti a hankali ya riƙe shi, sannan ya buga waƙar yadda ya saba, na ɗauki duka biyun. Na auna girgizar da Praat, manhajar Jami'ar Amsterdam wadda masu nazarin harshe suke auna karin sautin magana da ita, na mayar da lambobin senti, na shigar da su Scala. Sautukan biyu masu rigima sun faɗa tsakanin maɓalli da maɓalli, kamar yadda ya faɗa, kuma abin da ya fi muhimmanci, duk lokacin da ya dawo kansu kusan wuri ɗaya yake sauka. Mai kuskure warwatsuwa yake yi, shi kuwa wannan daidaito ne na hannun da ya san inda za shi. Na kuma lura cewa sauti guda yana ɗan ɗagawa idan waƙa tana hawa, ya ɗan sauka idan tana gangarowa, musamman inda gogen yake bin karin kalmomin kirari.

A nan ne nake da gargaɗi, kuma shi ne babban abin da nake so mai amfani da Scala ya riƙe. Manhajar tana da umarnin da ke nemo kason da ya fi kusa da kowane senti da aka ba ta, kuma jerin sunayenta yana da yawa ƙwarai, har kusan duk lambar da aka shigar tana da maƙwabciya mai suna. Akwai daɗi mutum ya ga an ce sautin gogensa yana kusa da 7 bisa 6 ko 11 bisa 9, ya ji kamar ya tono wani sirri. Amma kusanci ba hujja ba ce cewa makaɗin wannan kason yake nufi. Goge ba shi da matakala a wuyansa, yatsa ne ke yanke hukunci, kuma ɗaurin tsirkiya yana sauyawa da zafin rana da laimar damina. Idan muka ɗauki awon mutum ɗaya na yini ɗaya muka lanƙaya masa kaso, muka ce wannan ne saitin goge, mun maimaita abin da mai haɗa sautin ya so ya yi, sai dai da lambobi masu kyan gani. Ni na bar awon a senti yadda ya fito, na rubuta a layin sharhi ranar da aka ɗauka da irin waƙar da yanayin garin, ban sa masa sunan kowane kaso ba.

Ta fuskar amfani, manhajar tana da nauyin shiga. Fuskarta ta tsohon yayi ce, taga mai cike da rubutu da layin shigar da umarni a ƙasa, kuma ko da yake akwai jerin zaɓi da ake dannawa, ƙarfinta na gaske yana cikin ɗaruruwan umarnin da ake rubutawa da hannu. Bayanin taimakonta cikakke ne, ba abin da ya bari, amma da Turancin masana aka rubuta shi, yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san mene ne koma da iyaka. Girka ta ma yana bukatar a fara sa wasu manhajojin tallafi da ake kira GTK, abin da zai iya tsayar da wanda bai saba ba. Ba ta aiki a waya, alhali yawancin matasan da nake koyarwa waya ce kaɗai na'urarsu. A ɗaya ɓangaren, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta, kuma da zarar an sauke ta da taskarta ba ta bukatar intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin kuɗin data.

Fitar da saitin zuwa abin da zai yi amo shi ne matakin da ya fi bukatar haƙuri, domin Scala ba ta shiga cikin manhajar haɗa kiɗa a matsayin ƙari, a gefe take tsayawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a adana fayil ɗin a buɗe shi a manhajar amo da ke karɓarsa, irin su Surge XT da ZynAddSubFX, waɗanda kyauta ne, ko Pianoteq ta saye. Tana kuma iya tsayawa tsakanin maɓallai da na'ura ta riƙa lanƙwasa kowane sauti yayin da ake bugawa, amma da yake kowane sauti yana cin tasharsa ta MIDI, wato hanyar da maɓallai ke aika wa na'ura saƙo, kuma tashoshin 16 ne kacal, yawan sautukan da za su fito lokaci guda yana da iyaka. Mu hanya ta uku muka bi, wadda na fi ba abokan aiki shawara. Fiyanon Yamaha na jerin PSR-S yana da shafin saitin sikeli inda ake ɗaga ko sauke kowane ɗaya daga sautuka 12 tsakanin senti 64 ƙasa da 63 sama, har da saitin Larabci guda biyu da aka riga aka ajiye a ciki. Mutane da yawa suna da wannan a gabansu ba su taɓa buɗe shi ba. Scala ta nuna mini yawan sentin da kowane sautin goge ya kauce wa maɓallin da ya fi kusa da shi, na shigar da lambobin da hannu, aikin bai ɗauki minti goma ba.

Ina ba malaman kiɗa shawarar su neme ta ko don darasin tazara ta uku kaɗai, haka ma ɗaliban jami'a masu nazarin kiɗan gargajiya, waɗanda za su iya auna kukuma da gurmi da algaita da sarewa daga hannun masu su, su adana awon a tsarin da kowa a duniya zai iya buɗewa. Masu ɗakunan ɗaukar sauti da ke haɗa kayan gargajiya da fiyano su ma za su ci moriyarta, muddin suna da haƙurin mako ɗaya ko biyu na koyo. Wanda bukatarsa ita ce ya saita jita kafin ya hau dandali, ƙaramin ma'auni na waya ya ishe shi.

Da dattijon ya dawo ɗaukar ƙarshe, na buga masa shimfiɗar da sabon saitin ban gaya masa abin da na sauya ba. Ya saurara har ƙarshen zagaye na farko, ya ɗauki izga ya shiga, bai tsaya ba sai da waƙar ta ƙare. Sannan ya nuna ɗaya daga cikin maɓallan ya ce: "Malam, wannan ya zo. Wancan kuwa ka ɗan ƙara sauke shi, gashi ɗaya." Na sauke shi senti biyar, ya sake ji, ya gyaɗa kai, na koma fayil ɗin na gyara lambar, na rubuta a layin sharhi cewa gyaran daga bakinsa ya fito.